Tagar da Ba Ta Tambaya

Aikin farko da Oga ya ba Auta shi ne ta saka taminal a manhajar masu nazarin bayanai, wato baƙar tagar nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye.

"Kafin ki taɓa komai," in ji shi, "je ki zauna da su ki ga yadda suke aiki."

Ba ta je ba. A bakin ƙofar ɗakinsu teburin Anti Gilashi yake, matar da ke kallon mutum ta saman tabarau har ya manta abin da ya kawo shi. Auta ta kai ƙofar, ta zarce banɗaki kamar can ta nufa. Ta dawo ta tsara abinta yadda ta karanta a littafi: da an rufe taga, duk aikin da ke gudana cikinta ya mutu, babu tambaya. A ganinta tsafta ke nan.

Bayan an saki manhajar, ran nan da hantsi, sai ga Anti tsaye a kanta.

"Auta, kin yi babbar baƙuwa," in ji Dogo, maƙwabcin teburinta, yana janye kujerarsa.

"Ke kika yi tagar nan, 'yata?" Muryar Anti a kwance take. "Tun shekaranjiya nake tace bayanan asibiti, gobe ake jiran rahoton. Mu nan mukan kunna aiki, mu rufe taga, mu tafi cin abinci, shi yana can yana yi. Yau na rufe. Ko sallama bai yi mini ba."

Auta ta kafa wa madannan kwamfutarta ido.

Oga ya leƙo daga ofishinsa. "Ya aka yi haka? Ai kin zauna da su, ko?"

Bakinta ya ƙi buɗuwa. Kalma ɗaya daga Anti ta isa ta sa a karɓe aikin daga hannunta.

Anti ta cire tabarau ta goge da gefen gyalenta. "Yanzu za ta zauna," ta ce. "Ɗauko kujerarki."

Da zagi ta yi mata da ya fi sauƙi. Auta ta bi ta da kujera a rungume, ƙafar kujerar na bugun ƙaurinta, ba ta ko ɗaga kai ba.

Anti ta sake kunna aikin tun daga farko. Layuka suka fara gangarowa a baƙar tagar. Ta miƙe tana neman jakarta, hannunta kuma, don sabo, ya nufi wurin rufewa.

Auta ta cafke wuyan hannun da hannu biyu.

"Anti, don Allah kar ki rufe. Ban gyara ba tukuna."

Anti ta dubi hannun, ta dube ta ta saman tabarau.

"Ashe kina magana," ta ce.