Alkyabbar Lambros

Kowa a ƙauyenmu ya san ba tukunyar wake kaɗai ke kai Stamatiya ƙolin dutsen Helmos duk Talata ba. A can sama, inda gajimare ke shiga ta taga kamar ɗan gida, akwai ɗakin masu awon iska, a ciki kuwa wata masaniya ce, Marilena, ga kyau, ga ilimi, ga rashin miji. Dalilin rashin mijin nan ne Stamatiya ke hawa nema.

Ba ta samo ba. Wata magana daban ta samo.

"Goggo, ruwan gajimare ba ya daskarewa haka kawai," in ji Marilena, tana tsoma burodi a miya. "Sai ya sami ƙwayar ƙura ya kama. Kowace dusar ƙanƙara da ƙwayarta a tsakiya."

"Kowace irin ƙura, 'yar nan?"

"Ina! Cikin dubun dubata da ƙyar a sami ɗaya. Su nake farauta da bututun can mai zuƙar iska."

Maganar ta bi Stamatiya har gida. Hunturu biyu ke nan dusar ƙanƙara ba ta sauko ƙauye ba, tun rasuwar mijinta Lambros makiyayi. Alkyabbarsa ta gashin akuya tana rataye a bayan ƙofa, ba wanki ba kakkaɓa, da ƙurar kiwon shekara arba'in a jikinta.

Talatar gaba ta hau da ita a buhu. Ta zagaya bayan ɗakin, ta tsaya cikin farin hazo, ta yi ta kakkaɓa. Ƙurar ta tashi a hankali, da warin awaki da ganyen dutse, gajimare ya haɗiye. Har ta ji kamar ƙararrawar garke a nesa. "Je ka, tsohon banza," ta ce, "ka dawo mini fari." Bututun nan kuwa yana kanta, yana zuƙa.

Bayan mako ta tarar da Marilena tana tsalle. "Goggo, duba farantin nan! Ɗigo-ɗigon ruwan da na gwada da iskar Talatar da ta wuce sun daskare tun sanyi bai yi nisa ba. Ban taɓa ganin iska irin wannan ba! Yau zan aika wa manyanmu a birnin Atina."

Stamatiya ta ajiye tukunyar waken. In ta yi shiru, yarinya za ta kai akuya gaban manya da sunan iskar sama. In ta faɗa, ta rasa Talatarta.

"'Yar nan, ba iska ba ce. Mijina ne."

Da ta gama bayani, Marilena ta zauna daɓas. "Aikin mako guda, Goggo! Wa ya aike ki?"

"Ke mana. Wa ya ce ki ba tsohuwa labari mai daɗi?"

Marilena ta daɗe tana kallon farantin, ɗigo-ɗigo sun yi fari kamar idon kifi. Can ta ce, "Ki kawo alkyabbar. Zan yanki kaɗan in auna, in sa sunansa. Amma kika ƙara zuwa bayan ɗakin nan, wallahi ke zan auna."

Stamatiya tana tsakiyar gangara dusar ƙanƙara ta fara sauka, sannu-sannu. Ɗaya ta faɗa mata a hannun riga. Ta kai hanci ta sansana.