Kututturen da Maccido Ya Bari

"Maccido, nan munka yi da kai?"

Ina tsaye a tsakar gidana ina nuna masa kututturen kiryar da ya gama kayarwa. Ya kai mini ƙugu. Shi kuwa ya jingina da ƙotar gatarinsa yana haki, gumi na ɗiga daga gemunsa.

"Ba nan munka yi ba, Zayyanu."

"To mi yas sa?"

"Ka samu wurin ɗaure jaki."

"Ni da ba ni da jaki?"

Ya saɓa gatarinsa ya ce yana dawowa, ya fita. Na bi bayansa da kallo, baki buɗe.

Shekara ashirin danga ɗaya ce tsakanina da Maccido a nan Wurno, kuma daga Rabah har Goronyo babu wanda bai san yadda yake aiki ba. Kafin ya ɗaga gatari sai ya sa ka nuna masa a ƙafarka inda kake son kututture ya tsaya, ko idon sawu, ko ƙwauri, ko gwiwa. Sai ya yi tsaga a jikin itacen, ya kama hannunka ya ɗora a kai. In ka ce daidai da ƙasa kake so, zai gaya maka babu mai iya wannan, gatarin da ya ci ƙasa ya gama aiki, dole taƙi guda ya saura. Mutane kan yi masa tsiya, su ce kafin Maccido ya gama sharaɗi wani ya sare kurmi. Amma ba a taɓa yin rigima da shi bayan aiki ba.

Ni idon sawu muka yi. Ɗaki nake son ginawa a wurin saboda mahaifiyata, Inno, wadda idanunta suka yi rauni, zan ɗauko ta daga Goronyo kafin damina ta kankama. Taƙi guda, daɓen ɗaki zai binne shi. Amma wa zai sa tsohuwa mai lalube a ɗakin da gungume ke tsaye a tsakiyarsa? Ga kuma tsagar da na ɗora wa hannu tana can ƙasa, kowa na ganinta.

Kwana bakwai bai dawo ba. Ran kasuwa na gamu da Halliru, wani manomi daga Dinawa, na yi masa ƙorafi. Sai ya tafa hannu.

"Kai ma? Ni ƙwauri munka yi bayan kaka, yab bar min gwiwa. Wai don shi tohu."

Wani mutumin Rabah da ke kusa ya sa baki, ya ce shi kuma an bar masa har cinya, wai aljanu ke zaune a gindin. Kowa da dalilin da aka ba shi, kuma babu guda da ya yi kama da Maccido. Na dawo gida kaina a ɗaure. Ƙiwuya ce ta zo masa da tsufa? Sammu aka yi masa? Na tuna ma an daɗe ba a gan shi a sahun masallaci ba. Na rasa inda zan ajiye abin, sai na ajiye shi a fushi.

Da yamma na hango shi zai wuce ta bakin masallaci, mutane na zaune. Na ɗaga murya.

"Maccido! In ba ka iyawa ka hwaɗi. Da can maganarka guda ta, yanzu kowa da ƙaryar da kay yi mai."

Ya tsaya, bai juyo gaba ɗaya ba.

"Gobe, in Allah ya so."

Da asuba aka yi ruwan farko, ɗan kaɗan, ya jiƙa ƙasa. Na yi sammako zuwa fadama don in kwashe sauran albasata. Matata Laraba ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ta ce da hantsi Maccido ya yi sallama, ya roƙi mata su shiga ɗaka su saki asabari. Daga nan ta riƙa jin sara. Sara ɗaya, sai shiru mai tsawo har ta zaci ya tafi, sai kuma wani. Haka har azahar.

Da na dawo daga fadama ban ko shiga gidana ba. Tun daga bakin lungu na ji kuka a gidansa. Allah ya yi wa Maccido rasuwa.

Liman, Malam Abdulƙadiri, ya ce ni ne maƙwabci mafi kusa, in kama masa wanka. Da muka cire rigar sai muka tarar da wani tsumma a naɗe a cikinsa, an ɗaure tamau. Muka kwance. Daga ƙarƙashin haƙarƙari har mara, gefen dama ya kumbura ya yi tauri kamar an kifa ƙwarya. Na dubi Liman, Liman ya dube ni.

"Inna Sabuwa," na kira matarsa ta bayan zana, "wanga abu tun yaushe?"

"Tun kaka," ta ce. "Tun kaka ba shi iya duƙawa. Zaune shike salla cikin ɗaki. Kullum abin ƙaruwa shikai."

"Don mi ba ku hwaɗi ba?"

"Ya ce in na hwaɗa ma kowa bai yahe min ba. Ya ce wa ka kiran mai saran iccen da ba shi duƙawa?"

Na ajiye butar. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba, ga kuma haushinsa, don da ya buɗe baki sau ɗaya da ni da kaina zan ari gatarin. Har yau ban san wanne ya fi yawa a cikinsu ba.

Bayan la'asar muka kai shi. Na dawo gida rana ta yi ja, ƙafafuna duk ƙasar maƙabarta.

Guntun kiryar na kwance gefe. Kututturen ya koma idon sawu, daidai kan tsagar, ko yatsa bai ƙaru ba. Sai dai saran ba irin nasa ba ne, ya yi kaca-kaca, wani wurin sama wani ƙasa. Na tsaya ina mamakin yadda mutumin da ba ya duƙawa ya kai gatari can.

Sannan na dubi ƙasa. A cikin damshin ruwan asuba akwai 'yan ramuka biyu-biyu, sun zagaye kututturen har sun haɗe. Sawun gwiwoyinsa ne.