Minti Arba'in na Malama Silans

Tana cikin rubuta jimla ta shida a allo wani ya yi hamma a bayanta, irin hammar nan mai sauti da ake yi da gayya. Ta juyo da alli a hannu. Mai hammar ba yaro ba ne. Dogo ne, malamin Faransanci a wata makaranta can bayan tasha, mai furfura a gemu da 'ya'ya biyar. Ya cusa ƙafafunsa ƙarƙashin bencin yara yana ƙirga katakon rufi.

"Silence!" ta daka masa tsawa, tun kafin ta yi tunani.

Ɗakin ya kwashe da dariya. Daga wannan kalma ɗalibanta suka laƙaba mata Malama Silans, kuma ga dukkan alamu sunan ya riga ta isowa nan.

Asabar ɗin farkon wata ce, ranar taron ƙungiyar malaman Faransanci, a wani aji na firamare da ake ara musu. Su goma sha bakwai ne, kusan kowannensu shi kaɗai ne mai koyar da harshen a makarantarsa, ba shi da wanda zai tambaya in abu ya shige masa duhu. Shi ya sa suka ɓullo da wata al'ada. Duk wanda aji ya gagare shi zai zo ya koyar da darasinsa yadda ya saba, ba ƙari ba ragi, sauran malamai su zama ɗalibansa. Kafin a fara zai rubuta halayen yaran ajinsa a ƙananan takardu, kowa ya ɗauki ɗaya ya zama wannan yaron. Dogo ya ɗauki "mai barci a bencin baya", kuma wallahi kamar don shi aka rubuta. Anti Rediyo, wadda ba a taɓa jin ta yi shiru na minti biyu ba, ta ɗauki "yarinyar da ta daina ɗaga hannu". A kusurwa kuma Baba Agogo ne zaune, tsohon malami da ya yi ritaya, da agogonsa a kan gwiwa da farar takarda.

Shekara goma sha ɗaya Malama tana koyarwa, sunanta yana cikin ƙungiyar, amma sau biyu kacal ta taɓa leƙo taron. In an tambaye ta sai ta ce nisa ne, ko yara ba lafiya. Gaskiyar kuwa ita ce mutanen nan da Faransanci suke hira, ita kuma harshenta ya yi nauyi. Nahawu ta haddace shi tsaf, a rubuce ba mai kama ta da kuskure, amma a zauna a yi taɗi sai kalmomin su maƙale mata a wuya.

Abin da ya fito da ita yau shi ne kiran da shugaban makarantarsu ya yi mata ranar Litinin. 'Yan aji uku suna zaɓen darussan da za su ci gaba da su a manyan azuzuwa. Ya ce in Juma'a mai zuwa ta yi ba a sami mutum goma da suka zaɓi Faransanci ba, zai cire shi daga jadawali, ita kuma ta koma kula da laburare. Cikin yara arba'in da shida, huɗu ne suka rubuta suna, ɗaya ma 'yar maƙwabciyarta ce da uwarta ta tilasta mata. Kwana uku tana zaga gida ba ta cin abincin kirki, har maigidanta ya ce, "Ke da kike da ƙungiya guda, ni za ki zauna kina yi wa tsaki? Ni injin mota na sani."

Ta ci gaba da darasin. Ta yi bayani, ta kawo misali, ta goge, ta sake rubutawa da kyakkyawan rubutunta. Can Anti Rediyo ta ɗaga hannu a hankali, ta miƙe, ta fara haɗa jimla da irin kuskuren da yara ke yi. Ba ta kai kalma ta uku ba Malama ta gyara mata. Ta sake farawa, Malama ta sake gyarawa, sannan ta ƙarasa mata jimlar da kanta don kada lokaci ya ƙure. Anti Rediyo ta zauna. Har Baba Agogo ya buga tebur alamar minti arba'in sun cika, ba a sake jin muryarta ba.

Dokar taron ita ce a fara da yabo, kuma sun yaba da gaske. Sakataren ƙungiya ya ce bai taɓa ganin allo mai tsari irin nata ba. Wata matashiya ta ce ita kanta yau ta gane wata ƙa'ida da ta daɗe tana ruɗa ta. Malama ta fara jin sanyi a ranta, har ta ɗan saki fuska.

Sai Baba Agogo ya miƙo mata takardarsa. An raba ta biyu da layi.

"'Yata, ni ba na gyara wa kowa darasi," in ji shi. "Duk minti ɗaya nakan ɗago kai in duba wa ke magana. In malami ne, in ja layi a hagu. In ɗalibi ne, in ja a dama. Ƙirga ki gani."

Ta ƙirga. Hagu talatin da bakwai. Dama ɗaya.

"Saura biyu fa?" in ji Dogo.

"Goge allo take yi," in ji Baba.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi yi mata ciwo. Ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, kunyar kuma ta juye ta zama fushi.

"To me kuke so in yi?" ta ce da Hausa. "Yara arba'in da shida! In na sake su, kasuwa ajin zai zama. Kuma in bar yaro ya faɗi kuskure in yi shiru? Haka aka koya mana?"

"Haka aka koya mana kam," in ji Anti Rediyo. "Amma bari in gaya miki, ƙanwata. Ni da kika gani, ko a maƙabarta sai na sami abokin hira. Da kika katse ni karo na biyu, wallahi ji na yi bakina ya mutu. Na san wasa muke yi, na san amsar, amma na kasa sake ɗaga hannu. To ina ga 'yar shekara sha huɗu?"

Malama ta sunkuyar da kai. Ta san yarinyar da ake nufi, ita ta rubuta takardar. 'Yar siririya ce mai zama kusa da taga, wadda a aji ɗaya kullum hannunta yana sama.

"Ba shi ke nan ba," Malama ta ce a hankali. Tunda an zo nan, gara ta amayar da shi duka. "Tsoro nake ji. In na bar su suna magana za su tambaye ni abin da ban sani ba. Ni rabona da in yi hirar minti biyar da harshen nan tun ina kwaleji."

Ta jira ta ga sun kalli juna. Dogo ne ya fara magana, yana ƙoƙarin zaro ƙafafunsa daga ƙarƙashin benci.

"Madam, ni ranar da Baba ya fara ƙirga ni, talatin da tara na samu. Kin fi ni da biyu."

"Ni da na sa aka ƙirga ni, arba'in da uku," in ji Baba Agogo. "An buga ƙararrawa ban ji ba."

Wannan karon har ita sai da ta yi dariya, tana share ido da gefen mayafi. Sakatare ya ce shi sau uku a mako yake ce wa yara bai sani ba, su zo a duba ƙamus tare, kuma har yau ba a kore shi ba. Maganar nauyin harshe kuwa, ya ce akwai mutum biyar a cikinsu da ke kiran juna a waya duk yamma, minti goma, ba Hausa ba gyara, daga yau ta zama ta shida.

Ba su sallame ta ba sai da suka sake darasin. Anti Rediyo ta nuna mata wani wasa: ɗalibi ya kwatanta wani malami na makarantarsu da Faransanci ba tare da ya faɗi sunansa ba, sauran su canka. Aikin malama shi ne ta zauna a baya da takarda, ta rubuta kurakuran da ta ji, a ƙarshe ta zaɓi guda ɗaya tak ta gyara. Suka gwada. Sau huɗu Malama na yunƙurin tashi, sau huɗu Anti Rediyo na jan zanenta.

"Yaushe kike da 'yan aji ukun?" Baba Agogo ya tambaya da ana haɗa benci.

"Laraba, Baba. Bayan tara."

"To zan zo. Ba ma barin mutum ya shiga shi kaɗai karon farko."

Ranar Laraba ya zo da sandarsa da agogonsa, ya zauna a bencin ƙarshe. Malama ta rubuta kalmomi goma a allo, dogo, gajere, mai ƙiba, mai tabarau da makamantansu, ta bayyana wasan cikin minti uku. Sannan ta ajiye allin, ta ratsa tsakiyar aji ta zauna kusa da tsohon. Yara suka juyo suna kallon ta kamar ba ta da lafiya.

Shiru. Ana jin muryar malamin lissafi daga ajin da ke maƙwabtaka. Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya shiga. Malama ta dafa benci za ta tashi, Baba ya gitta sandarsa a gabanta bai ko kalle ta ba.

"Shekara uku kina ce musu su yi shiru," ya raɗa mata. "Ba su minti uku."

Wanda ya fara tashi shi ne yaron nan mai barci a bencin baya, kuma ta tabbata don neman magana ya tashi. Ya ce mutumin gajere ne, yana da ƙiba, yana son bulala. Kalma uku cikin biyar a karkace suka fito, har ta ji haƙoranta sun haɗu. Amma kafin ya rufe baki rabin aji sun kira sunan malamin horo, ana bubbuga tebur. Wata ta miƙe, wani ya riga ta. Wani ya juyo ya tambayi Malama yadda ake cewa mai sanƙo. Ta buɗe baki, kalmar ta ƙi zuwa.

"Ban sani ba," ta ce. "Ga ƙamus nan, duba mana."

Ya duba, ya faɗa, aka wuce wurin. Ba wanda ya ko ɗaga gira.

Ana cikin haka ta ga hannu a sama kusa da taga, rabi-rabi, kamar mai shi tana shirin janyewa. Malama ta gyaɗa mata kai. Yarinyar ta miƙe, ta fara a hankali, tana tsayawa bayan kowace kalma tana satar kallon baya. Da ta ga ba a katse ta ba sai ta ƙara murya. Tana kai ƙarshe ajin ya ɗauki ihu, kuma daidai lokacin ƙofa ta buɗe.

Shugaban makaranta ne, fuska a ɗaure. "Wane aji ne wannan ba malami?"

"Ga ni nan, Yallaɓai," ta ce daga baya.

Ya dube ta, ya dubi tsohon da ke jan layi a takarda, ya dubi yaran da ke danne dariya suna kallon sa. "Me ake yi wa ihu? Me ta ce?"

Malama ta miƙe. Kurakurai uku ta ji a maganar yarinyar, ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ta bayyana masa wasan, sannan ta fassara yadda aka faɗa.

"Cewa ta yi mutumin dogo ne. Yana sa tabarau. Yana tafiya da sauri. Kuma ba ya son Faransanci."

Yarinyar ta rufe fuska da littafi. Shugaban ya cire tabaransa ya goge, ya mayar, ya daɗe yana kallon ta.

"Ita ta haɗa wannan da kanta?"

"Da kanta, Yallaɓai."

"Ukun farko ta canka," in ji shi. Ya juya zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa. "Takardar sunayen nan, Malama, ba sai Juma'a ba. Ki kawo mini ƙarshen wata."

Ƙofa na rufuwa hannaye suka tashi ta ko'ina. Malama ta koma bencin baya ta zauna.