Sifili da Ɗaya

Shekara tara Bamanga ya yi yana kula da kwamfutocin cibiyar jarrabawa ta Madam Olivia a unguwar Hammadu Kafi da ke Gombe, bai taɓa jin ta kira shi Injiniya ba. Osita, wanda ubansa ke sayar da kayan wuta a Kasuwar Gombe, watansa huɗu da kama aiki ya samu sunan.  Bamanga dai ya daina cin abincin rana tare da shi.

Sai ga maganar sabon reshe a Kwadon, can wajen gari. Madam ta ce ɗayansu zai je ya riƙe, za ta faɗi ko wane ne bayan jarrabawar gwaji ta ranar Asabar.

Ran Alhamis aka kunna sababbin kwamfutoci arba'in, suka yi ta tsinke wa juna hanya. Osita ne ya gano dalili, abin da ya fi ciwo ke nan. Kowane katin sadarwa na cikin kwamfuta yakan zo daga masana'anta da lambarsa, wadda ake gane shi da ita. To waɗannan na araha ne, duk lamba ɗaya suka zo da ita, kamar unguwar da kowa sunansa Buba.

"Sai mu raɗa musu tamu," in ji Osita. "Malam Bamanga, ka ɗauki layin taga, ni na bango. Ka dai fara kowace lamba da sifili da biyu. Shi ke nuna ta gida ce, ba ta kamfani ba."

"Allah ya yi maka albarka, Injiniya," in ji Madam.

"Amin," in ji Bamanga, da muryar mai karɓar gaisuwar mutuwa.

Ya zauna gaban layinsa. Sifili da biyu. Wato shi da ya shimfiɗa wayoyin ɗakin nan da hannunsa, yau ana koya masa ƙirga, kuma daga biyu za a fara. In biyu ta yi, me zai hana ɗaya? Ya bi guda ashirin ɗin nan ya sa musu sifili da ɗaya, don in Madam ta buɗe jerin, nasa za ta fara gani. Kwamfutocin ba su yi gardama ba. Sun yi shiru irin na tsohon ma'aikaci, suka ci gaba da tsohuwar lambarsu.

Da safiyar Juma'a Madam ta zo gwada kwamfutocin. Layin bango ya tashi sumul. Na taga kuwa, wannan ta shiga waccan ta fita.

Osita ya sunkuya ya duba, ya rage murya. "Malam, sifili da ɗaya ta gayya ce. Da ita ake kiran taro, ba a ba wa kati guda. Shi ya sa suka ƙi."

Da Osita ya ɗaga murya, da Bamanga ya samu abin riƙewa. Sai ga shi an yi masa rufin asiri, wanda ba ya ramuwa.

"Me ya faru?" Madam ta tambaya.

"Yatsa ne ya zame, Madam," in ji Osita.

"Sau ashirin?"

Kafin a tafi masallaci Osita ya gyara su duka, yana ta ba Bamanga haƙuri kamar shi ya yi laifin.

Ran Litinin Madam ta kira su ofis, ta tura makulli gaban Bamanga.

"Kai za ka Kwadon."

Daɗi ya cika masa ciki har ya waiwayi Osita.

Madam ta ci gaba, "Kwamfuta takwas ce can, ba za su sha maka kai ba. Nan kuwa ba zan iya rabuwa da Injiniya ba."

Osita ya miƙo hannu biyu. "Barka, Oga."

Bamanga ya karɓa, ya yi godiya, ya sa makullin a aljihu. Tun kafin ya kai bakin titi ya fara jin cewa Osita ya ƙwace masa zaman Gombe.