Makullin Falon Baba

Shekara shida Baba ya yi yana haɗiyar ƙwayoyin da ba na ciwonsa ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Mahaifinmu, Alhaji Abdulbaƙi, tsohon ma'aikacin gwamnatin tarayya ne. Tun rasuwar Mama bai ƙara zubar da ko tsinke ba. Falonsa a gidanmu na Kubwa ya cika har silin da tsofaffin jaridu, kwalayen magani, matattun rediyoyi, da ledojin burodi a ninke kamar daga wajen guga suka dawo. A karkace ake shiga. Ni kaɗai ya ba wa makulli, don ni ce ba na toshe hanci in na shigo. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Saudatu, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini.

Likitan farko ko minti goma bai yi da shi ba ya rubuta masa ciwon waswasi. Ƙwayoyi suka yi ta sa shi barci, kaya suka yi ta ƙaruwa. Sai bara muka dace da Dokta Rosemary, wata 'yar Jos mai haƙurin sauraro.

"Babanku ba waswasi ne da shi ba," in ji ta. "Da can littafinmu na likitoci ya sa tara kaya a ƙarƙashin waswasi. Tun 2013 aka cire shi, aka ba shi nasa suna. Dangi ɗaya ne, amma ba ciwo ɗaya ba. Mai waswasi tunani ne ke azabtar da shi. Baba kuwa ajiyewa ba ta damunsa, zubarwa ce ke masa zafi."

Ta ce magani shi ne a bi shi a hankali, kwali ɗaya duk mako, kuma shi zai zaɓi abin da zai fita, da hannunsa. Ta ɗaga yatsa ta gargaɗe ni: kada a kuskura a kwashe masa kaya a bayan idonsa.

Haka muka yi. Duk Asabar ni da shi a ƙasa, yana juya jarida ɗaya kusan rabin awa, gumi na keto masa, kafin ya miƙo mini. Cikin wata biyar kwali goma sha ɗaya suka fita. Ƙofa ta fara buɗuwa sosai. Ranar da muka ga tagar falon, dariya ya yi, ni kuwa na yi kuka.

Sai ga Yaya Nazeer, babban wanmu, mazaunin Maitama, wanda bai fi sau uku yake leƙo mu a shekara ba. Za a kawo gaisuwar auren 'yarsa, kuma dangin ango za su zo gaida Baba. Na zaunar da shi na yi masa bayanin likita tiryan-tiryan.

"Ke dai kin cika yarda da surutun asibiti," ya ce yana danna waya. "Ciwon da sai 2013 aka ƙirƙiro shi? Ƙazanta ce kawai. So kike surukaina su ɗauka ubana baban bola ne?"

"Yaya, kada ka taɓa masa komai."

"Na ji, oga likita."

Sai ya biya wa Baba Umra. Kowa ya yi ta sa masa albarka, har ni sakarya. Kwana biyu da tafiyar Baba, Yaya ya aiko direbansa karɓar makulli, wai za a yi feshin ɓeraye. Ɓeraye kam akwai su, sai na bayar.

Washegari da na taso daga ofis na tarar da tifa ta riga ta yi sawu huɗu da kayan Baba. 'Yan bolan da Yaya ya kwaso daga Durumi suna ta rabon rediyoyi a ƙofar gida. Na yi ihu har muryata ta dushe. Na gaya wa Yaya maganganun da ƙanwa ba ta gaya wa wanta, kuma ban janye ko ɗaya ba. Shi ko a jikinsa, yana ta nuna wa mai fenti bango.

Ran da Baba ya dawo, Yaya ya shige gaba yana washe baki, ya buɗe ƙofa. Ga sabbin kujeru, ga labule, ga warin fenti. Baba ya tsaya a tsakiyar falon riƙe da jarkar zamzam. Ya daɗe yana duban kusurwar da muke zama ranar Asabar.

"Allah ya yi albarka," ya ce a hankali.

"Kin gani ko?" in ji Yaya. "Ina ciwon yake?"

Baba bai kula shi ba. Ya sunkuya ya tsince ledar da aka kwance daga sabuwar kujera, ya ninke ta sau huɗu, ya sa a aljihu. Sannan ya juyo gare ni ya buɗe tafin hannu.

"Saudatu," ya ce, "ba ni makullina."