Ranar da Jinin Yaya Lantana Ya Ba da Shaida

Jiya na yi wani mafarki, kuma da rana tsaka na yi shi, a zaune kan bencin asibiti. Kwana huɗu yayata Lantana tana fama da mura da tari, sai likita ya sa aka ɗebi jininta, wai jinin ne zai nuna ko ciwon zai lafa ko zai sauka ƙirji. Ina jiran sakamako barci ya sace ni.

Na tsinci kaina a wani gari inda majinyata ke ɗauke da gadajensu a ka, gadajen suna nishi. Tari a can a iska yake yawo kamar fara, duk wanda ya buɗe baki sai ya shige masa. Na toshe bakina da hula.

A ɗakin gwaji wata zabuwa ce zaune bayan tebur, sanye da farar riga.

"Jinin wa kake nema?"

"Na yayata."

"Ya fita alwala. Jira shi."

Ba ta rufe baki ba sai ga shi ya shigo: jini ja wur, tsawon mutum, ba kwalba ba komai, yana gyara ɗankwali yadda Yaya take yi. Da muryarta ya ce, "Tanimu, ka ci abinci?"

Sai ga mu a kotu. Alƙalin kuwa ma'aunin zafin jiki ne, dogo siriri, da rawani. Ya ce jini ya gabatar da shaidunsa. Jinin ya laluba aljihu ya fito da wani ɗan mitsitsin mutum.

"Wannan shi ke nuna kumburi," in ji zabuwa. "In ya girma, ciwo ya yi tsanani."

Ina kallo ya kai girman kabewa, ya kai randa, har ya matse alƙali a jikin bango.

Aka kira fararen sojojin jini masu yaƙi da cuta. Ƙofa biyu aka wangale don su samu hanya. Uku ne kawai suka shigo, ɗaya yana ɗingishi.

"Ina sauran?" in ji alƙali.

"Ranka ya daɗe, sun tafi huhu tun ranar Talata. Har yau ba wanda ya aiko."

Alƙali ya duba tsayin kansa, ya ce nan da kwana biyu numfashi zai gagari mai jinin nan.

Na ce, "Ranka ya daɗe, da safen nan ta sha koko, har faɗa ta yi mini."

"Wannan fuskarta ce. Jini yana riga fuska jin labari."

Na juya wajen jinin. Ya sunkuyar da kai.

"Tun Talata nake jin kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji," in ji muryar Yaya. "Ban dai faɗa maka ba."

"Don me, Yaya?"

"Kai da ko wani aka yi wa allura sai an yi maka fifita?"

Na kai hannu in rungumo ta mu gudu wajen likita, sai ta tsiyaye ta tsakanin yatsuna ta yi sama, ɗigo-ɗigo, tana taruwa a rufin ɗaki. Ina tsalle ina kamowa, ba abin da ya tsaya a hannuna.

Ƙarar bokitin mai goge daɓe ce ta tashe ni, tana jan sa a baranda. Sakamako bai fito ba tukuna. Na shiga ɗakin da aka kwantar da Yaya, na same ta jingine da filo tana mini murmushi.

Na ce, "Yaya, tun yaushe ƙirjinki yake miki nauyi?"

Murmushin ya ɗauke. Ta daɗe tana kallona, sannan ta mayar da fuska bango.

"Wa ya faɗa maka?"