Jan Magani Cikin Mai

Tun kafin a turo gadon mijinta, Lian-hua ta tare nas Pei-shan a ƙofar ɗakin aiki, ta riƙe mata hannun riga.

"'Yata, ce masa muka yi jijiya ce ta toshe za a wanke. Bai san ciwon daji ba ne a hantarsa. Irin jan maganin da za a sa masa aka yi wa wansa har ya rasu. In ya gan shi, ya gane, kuma daina cin abinci zai yi. Ki rufa mini asiri."

Pei-shan ta ce to, amma ta san abin da wuya. A aikin nan ba a sa mutum barci. Maganin kuma da mai ake haɗa shi, kuma ba a haɗawa a ajiye, don rabuwa suke yi. Sai likita ya zura siririn bututu ta cinya har hanta, sannan a dama shi nan kusa da gadon.

Mijin Lian-hua, tsoho De-sheng, mai sayar da taliya a kasuwar garin Chiayi, yana kwance yana tsokanar likita wai hannunsa ya fi ƙanƙara sanyi. Likita ya ɗaga kai ya ce, "Haɗa."

Pei-shan ta juya wa gadon baya, ta tsaya ta kare tebur da jikinta. Sirinji biyu ne a haɗe baki da baki, ɗaya mai, ɗaya jan magani. Ta tura wannan, wancan ya cika, ta mayar. Zufa ta jiƙa mata safar hannu. Jan ya ƙi dusashewa da wuri, sai ɗigo-ɗigo yake yawo cikin man.

"'Yar nan, kada ki huta," in ji tsohon a hankali. "Haka miyar riɗi take. Ka saki hannu, mai ya taso."

"Baba, rufe ido ka huta."

"Na rufe tun ɗazu. Ƙarar sirinjin ce na sani. Ni na zauna da yayana a ƙofar ɗakin nan, daga baya ya kwaikwaya mini ita da baki."

Hannunta ya so tsayawa, ta matsa masa ya ci gaba, har maganin ya yi kauri, ya koma kamar madara mai ɗan ja. Ta miƙa wa likita.

Tsohon ya ce, "Tsohuwar nan ba ta iya ƙarya ba, amma ta sha wahala a kan wannan. Kada ki ɓata mata."

Da aka gama, Lian-hua na nan a tsaye inda aka bar ta, rungume da kwanon kunun shinkafa.

"Ya gani?"

"Bai gani ba, Inna. Baya na ba shi har na gama."

Matar ta sauke numfashi, ta taɓa kwanon ta ji ko ya huce.